Gorar da ke Ƙarƙashin Mayafi

A bencin asibitin Wurno, Rumaisa tana jiran a kira mijinta, wanda idanunsa suka koma ruwan ɗorawa. Wata tsohuwa ta hango gora a ƙarƙashin mayafinta.

"Ɗiyata, mi ke cikin gorar ga?"

"Jiƙo ne da matsarmamar kifi, Inna. Surukata ta ce in riƙa haɗa mai da ƙwayoyin tari."

"Ɓoye ta. Zagi kike nema?"

"Likita ya ce in kawo duk abin da yake sha. Wai hanta ke sarrafa magani. In anka haɗa mata da ɗacin ga sai ta kasa, maganin ya taru ya zama guba."

"Ƙarya yake! Da kifi munka tashi a Goronyo. Haka na yi ta ba ɗana Siddiƙu, ban gaya ma likitan kowa ba."

"Ya warke?"

Tsohuwa ta ja tsaki, ta kawar da kai.

"Marar kunya. Kwanansa ne ya ƙare."

Aka kira sunan mijin. Rumaisa ta fito da gorar fili, ta kama hannunsa, suka shiga.