Sun Ce In Cire Sunan Malam Sanusi

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, ina gaishe ki da abokan aikinki.

Ni malami ne a wata babbar makaranta a Ƙauran Namoda. Shekara biyu ni da abokin aikina, Malam Sanusi, muna zagaya ƙauyukan Zurmi da Shinkafi muna bincike kan tsutsar da ke cin dawa. Bara 'yan bindiga sunka tare shi a hanya, sunka kashe shi. Ni kaɗai na ƙarasa rubutun, na aika wa wata mujallar bincike da sunansa a gaba.

Editan ya kira ni ya ce, "Aiki ya yi kyau, Malam. Amma mamaci ba ya neman ƙarin girma. Cire sunansa ka sa na farfesanmu, sai mu buga."

Farfesan nan bai taɓa taka gonakin ba. Na ƙi, sunka maido mani da rubutun. Wata biyar ke nan yana ajiye, kuma duk sanda na je gaisuwa matar marigayin sai ta ce, "Yaushe za a buga aikin baban yara?"

Masu sauraro, wa zan kai wa ƙara? Ita kuma me zan ce mata?

Naku, Kabiru Lawali.