Hoton Ƙirji a Leda

A kan bencin wani asibiti a Unguwar Sarki, Maijidda na rungume da hoton ƙirjin mahaifiyarta, dattijon da ke gefenta sai tari yake yi.

"'Yata, likitan nan zai zo kuwa?"

"Sun ce sai mako mai zuwa, Baba. Shi kaɗai ya rage mai duba hoto."

"Na gaji da sintiri daga Rafin Guza. Ke ma'aikaciya ce?"

"A jami'a nake koyarwa. Abin takaici, ni da ɗalibaina mun koya wa kwamfuta gane tarin fuka a irin hoton nan. Kafin ka ƙifta ido ta faɗa."

"Ikon Allah! To ina take?"

"Wuta aka kawo da ƙarfi, ta ƙone. Har yau ba a gyara ba, ɗaliban kuma duk sun yi ƙasar waje."

Dattijon ya zaro hotonsa daga leda, ya ɗaga saitin taga.

"To ke da kika koya mata, duba mini mana."

Maijidda ta daɗe tana kallon haƙarƙarinsa a hoton.

"Baba, ita ce ta iya. Ni wallahi ko na uwata na kasa dubawa."