Kofi Biyu na Garin Masara

A tashar mota ta Zărnești, Sanda tana gyara jakarta ta hawan dutse, wani tsohon makiyayi yana leƙen kayanta.

"'Yata, kwana nawa za ki yi a sama?"

"Biyar, Baba."

"Da wannan taliyar ledar? Ran na uku ƙafafunki za su ƙi tafiya."

"Ita aljihuna ya iya. Wata huɗu ke nan ba ni da aiki."

"Ai garin masara ya fi ta araha. Ki haɗa da gishiri da ɗan kitse. Cuku kuwa kada ki saya a nan. Ki tsaya wurin masu tumaki, ki taya su ɗiban ruwa, za su yanko miki."

"Ban iya tuƙa tuwo a wutar ice ba."

"Ina wahalar? Ruwa ya tafasa, ki zuba kofi biyu, ki yi ta juyawa."

"Kofi biyu? Ni kaɗai ce fa, Baba."

Tsohon ya murza hularsa.

"To, ɗaya. Ni ma tunda matata ta rasu ɗayan ya kamata in riƙa zubawa. Kullum sai na tarar da saura a tukunya."