Ɗaki a Bayan Sitiyari

A wata tashar manyan motoci a Oklahoma, tsohon direba Orval Pruitt yana tsiyayar da ruwan tankin wanka na motarsa. Wani direba da bai sani ba ya tsaya kallo.

"Dattijo, wannan mota ce, ko gida ka sa wa tayoyi?"

"Duka biyun. Gado, murhu, banɗaki, har wurin wanka."

"Ta yi kyau, ba ƙarya. Amma da tsawon nan yaya kake shan kwana cikin gari?"

"Da ƙyar. Ga ta da shan mai."

"Ruwan fa, me ya yi maka?"

"Akwai sikelin awon nauyin motoci a gaba. Nauyin ɗakin ya cinye na kaya. In na haura, su tsare ni, masu kaya su ba wani aikin."

"Sayar da ita mana, ka sayi ƙarama irin tawa. Katifa ɗaya, kaya har wuya."

"Wa ke jiranka a gida?"

Mutumin ya sosa ƙeya. "A da dai akwai."

Orval ya nuna taga da haɓa. Wata tsohuwa na zaune ciki, tana ninke tawul tana warwarewa.

"Lorene ke nan, matata. Ta manta 'ya'yanmu, ta manta gidanmu. Ɗakin nan kaɗai take ganewa. In na sayar, ina zan kai ta?"

Mutumin ya dubi ruwan da ke zuba ƙasa.

"Rufe famfon, Baba, kada Mama ta rasa na wanka. Zan wuce gaba. In yau ba sa awo, za ka ji ni a rediyon oba-oba."