Gayyar Zardolu da Mai Tsaron Gidan Bogbon

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban gundumarmu, Domullo limamin babban masallaci, baƙonmu na hukumar ƙwallon ƙafa da ya ƙetaro duwatsu daga Dushanbe, dattawan unguwanni, iyayenmu mata da suka cika mana shimfiɗa da gurasa da shayi, 'yan wasan ƙungiyarmu ta Bogbon na da da na yanzu, jama'ar Surhdara baki ɗaya, assalamu alaikum, barkanmu da Navruz, bikin sabuwar shekararmu.

Ni ne Mirzoali ɗan Tohir, shugaban wannan ƙungiya. Wanda bai san fuskata ba ya san motocina a hanya. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar, don haka kada ku jira jawabin malaman jami'a. Na yi dako a kasuwannin Rasha, na dawo da tsohuwar mota ɗaya, yau ga ma'aikatar shanya 'ya'yan itacen zardolu da sunana a ƙofarta. Ba gado na ci ba. Amma abin da ya tara mu yau ba ni kaɗai na yi shi ba, shi ya sa na zo da godiya. Na zo kuma da roƙo ɗaya ga mutum ɗaya, Amak Sattor, mahaifin mai tsaron gidanmu Nekruz, wanda ke zaune can ƙarƙashin rumfa. Bogbon ta hau babbar gasa ta ƙasa. Nekruz ya ce ba zai buga ba sai da albarkar mahaifinsa, mahaifin kuma ya hana. Zan zo kan wannan.

Da farko, godiya ga waɗanda suka kafa Bogbon. Ma'aikatan tsohuwar masana'antar gwangwani ne, a zamanin Sobiyet, suka share wannan fili da hannuwansu, suka yi turakun raga da bututun ruwa. Sun ci kofin lardi sau ɗaya, har yau dattawa na jayayya kan wanda ya jefa ƙwallon. Da masana'anta ta rufe, maza suka watse neman abinci, fili ya koma makiyayar shanu. Marigayi Usto Ziyodullo ya riƙe rigunan ƙungiyar a gidansa, yana wankewa yana ninkewa, ba mai sa su. Allah ya ji ƙansa.

Na biyu, ku bar ni in faɗi tarihinmu yadda yake, ko da baƙo a wurin. Ba ƙungiyar da ta kai mu fara gasa da kyau, ba kuma wadda ta kai mu ƙarewa da kunya. Daga bazara zuwa farkon watan Yuni muna kan gaba. Da zarar zardolu ya nuna, shi ke nan. Zardolu ba ya jiran kowa. In ka bar shi ya faɗi da kansa, ya zama na tururuwa. Kowane ɗan wasanmu ɗan mai lambu ne, kowane uba kuma yana son ɗansa a kan itace. Sai a wayi gari ɗan gaba ba ya nan, ɗan baya ba ya nan. Akwai ranar da direban motarmu ya buga mana gefe da takalmin aro. Maƙwabta suka sa mana suna sarakunan rabin zango. Wani abokina daga cikinsu ya taɓa tare ni a kasuwa ya ce, “Yaya Mirzoali, yaushe za ku fara hutunku na shekara? Mu dai muna jira mu karɓi makinmu.” Na yi dariya a gabansa. A mota ban yi ba.

Na yi tunanin kawo 'yan wasa daga waje, waɗanda ba su da itace ko ɗaya a duniya. Da na so, da na iya. Sai dai wa zai zo kallon Bogbon in babu ɗan unguwarsu a ciki?

Na uku, kuma a nan godiyata ta fi nauyi. Mafita ba daga ofishina ta fito ba, daga gidan shayi ta fito, inda dattawa suka ce abin da kakanninmu ke yi in za a gina gida ko a yashe magudanar ruwa, shi za a yi: gayya. Yara su tafi wasa, gari ya shiga lambunan iyayensu. Bara kuka yi haka. Na ga malaman makaranta riƙe da bakin zane a ƙarƙashin itace suna tarar zardolu. Na ga masu gasa gurasa, na ga direbobi, na ga mata zaune suna cire ƙwallon zardolu har yatsunsu suka yi baƙi. Ku kuka girbe, su suka buga. Ku kuka shanya, su suka ci. A karon farko muka ƙetare watan Yuni da Yuli da cikakkiyar ƙungiya, ba a ci mu a gida ba har ƙarshe, kuma a wasan da ya hau da mu, Nekruz ya tare bugun daga kai sai mai tsaron gida. Na gode wa kowane hannu. Na gode.

Amma gayyar ta yi ɓarna a lambu ɗaya. Mai son ƙwallo ba lallai ya san itace ba. Waɗanda suka je wurin Amak Sattor 'yan cikin gari ne, da zuciya ɗaya suka je, sai dai sun girgiza itatuwa kamar masu kaɗe darduma, nunanne da ɗanye duk suka zubo. Sannan Hoshim wanzami, ga shi can yana ɓoye fuska, kun dai san jikinsa, ya hau tsohuwar itaciyar da kakan Amak ya dasa. Reshe ya taho da shi. Hoshim ya warke. Reshen bai koma ba.

Na je ba da haƙuri. Amak ya shimfiɗa mini, ya gutsura mini gurasa, ya zuba shayi, bai ɗaga murya ba. Na ce zan aiko masa da ƙwararrun ma'aikatana, ya ce shi bai ɗauki kowa aiki a lambun ubansa ba. Na ce ɗansa zai yi suna a ƙasa, ya ce sunan da ya ba shi ya ishe shi. Da zan tashi ya ce mini, “Mirzoalijon, kai ragarka ake ci, mako mai zuwa ka rama. Ni itaciyata shekara nawa zan jira?”

Na yi masa sallama na tafi. Yau na zo da amsa, kuma ba tawa ce ni kaɗai ba, dattawan unguwanni sun amince.

Amak Sattor, ba mu zo mu ce abin da ya faru ƙarami ne ba. Ba mu zo mu ce ƙwallo ta fi itace ba. Mun zo mu ce gayyar bara ba ta da shugaba, ta bana muna so ta samu, kuma kai muke so. Ba a lambunka kaɗai ba, a lambun kowane ɗan wasa. Kai za ka ce yau a girgiza, kai za ka ce a bari sai jibi. Ba mai hawa itace sai ka dube shi ka yarda. Ni da nake shugaba, in ka ce in riƙe bakin zane, zan riƙe. Mu kuma ka ba mu Nekruz. Yaron nan bai gudu ba, bai yi maka gardama ba. Ya ajiye safar hannunsa ya zauna yana jiranka. Gasar za ta fara, kuma ba mu da wani kamarsa. Amak, a gaban Domullo, a gaban jama'a, ina roƙon ka sa masa albarka.

Jama'a, a yi shiru. A bar dattijo ya yi tunani, ba mu gaggawa.

Na'am? Ku da ke kusa, me ya ce?

Ya ce bana kaɗai. Ya ce baɗi sai ya ga yadda itatuwansa suka kwana. Amak, mun karɓa, mun karɓa da hannu biyu. Nekruz, me kake jira a nan? Tashi ka je wurin mahaifinka, ga shi ya ɗaga tafukansa.

Mu ma mu ɗaga namu. Allah ya tsare furen bana daga sanyi da ƙanƙara. Allah ya ji ƙan waɗanda suka kafa Bogbon. Allah ya kai yaranmu filayen Dushanbe da Hujand da Kulob lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Allah ya mai da baƙonmu gida cikin aminci, ya bar zumunci tsakaninmu, ya ƙara wa dattawanmu tsawon rai. Amin.

Shinkafa ta nuna, kada kowa ya tafi bai ci ba. Na gode muku, na gode.