Kilo Talatin da Biyu a Haɓar Zani

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wannan taro, limamanmu da malamanmu, dattawan unguwarmu ta Aboabo a nan Tamale, iyayenmu mata, 'yan'uwanmu Kirista malaman makaranta da suka taso tun daga unguwar Kalpohin, har da ku masu leƙe ta taga, ni Sumani, shugaban makarantar yamma, ina gaishe ku gaba ɗaya. Na gode da kuka bar kasuwa, na gode da kuka bar shago, kuka zo taya mu murna.

Maganata ta farko tuni ce. A tamanin da uku, shekarar yunwa, da aka koro 'ya'yanmu daga Legas, wani ya dawo da keken ɗinki, wani da rediyo. Imurana ɗan Mma Lariba kuwa sai ga shi da wani ɗan baƙin akwati mai maɓallai, wai kwamfuta. Muka ba shi wannan ɗaki ya koya wa yara lissafi da ita. Sai ta kama aiki lafiya lau, ana tsakiyar darasi ta ƙame ƙam. An yi masa dariya a masallaci, an yi masa dariya a tasha, kuma masu dariyar ina ganinsu a sahun gaba. Dattawa suka ce in Babbar Sallah ta zo ba ta yi aiki ba, ɗakin zai koma ma'ajiyar masara. Shi kuma Imurana ya ɗaure jakarsa, ya ce Libiya zai tafi ta hamada. Mahaifiyarsa ta same ni tana hawaye, ta ce, "Malam, Allah ya dawo mini da shi sau ɗaya. Na biyun ban sani ba." Wallahi hankalina ya tashi.

Ta biyu, me ke damun na'urar? Ba aljani ba ne, ba kuma laifin wutarmu mai zuwa da tafiya ba. Ƙwaƙwalwarta ce ƙarama. Darasi yana ajiye cikin kaset, amma in za ta yi aiki da shi sai ta baje shi a ƙwaƙwalwa, kamar yadda mai tuwo ke baje tsaba a faifai, abin da faifan bai ɗauka ba ya zube. Ana auna ƙwaƙwalwar da kilo, amma ba irin na sikeli ba. Tamu kilo goma sha shida ce, darasin kuwa arba'in da takwas yake nema. Talatin da biyu suka rage, kuma duk Tamale babu mai sayarwa.

Ta uku, Hajiya Kadiatu mai fataucin atamfa zuwa Lome, ga ta can tana rufe fuska. Muka roƙe ta ta sayo mana ƙwaƙwalwar kwamfuta kilo talatin da biyu. Hajiya 'yar kasuwa ce, kilo a wurinta abin da sikeli ya nuna ne. Ta rage kayanta don ta bar wuri a mota, ta ɗauki buhu, ta ɗauki ɗan dako. Da mai shago a Lome ya miƙo mata abu bai fi kwalin ashana ba, sai ta tara masa jama'a. Ta ce, "Ni za ka cuta? Ɗora a sikeli!" Ya rantse, ta ƙi. Har ta kai bakin titi za ta dawo hannu wofi, sai ta tuna hawayen Lariba, ƙawarta tun suna 'yan mata. Ta koma ta karɓa, ta ƙulle a haɓar zani, ta ce in ƙarya ne za ta dawo da sikelinta.

Ranar jajiberin Sallah Imurana ya maƙala abin a bayan na'urar. Darasi ya shiga tun daga farko har ƙarshe, ba ƙamewa, ba tangarɗa. Na'urar ta yi tambaya, yara suka amsa, ta sake tambaya, har dattijon da ya zo auna wurin masara ya ja kujera ya zauna. Jama'a, mun yi nasara, kuma ba ni jin kunyar faɗa da ƙarfi!

Saboda haka duk wanda Allah ya hore wa sayen kwamfuta don gidansa, kada ya dubi kyan akwati, ya tambayi kilo. Sha shida ta rubuta suna ce kawai. Arba'in da takwas za ta ɗauki darasi ba gardama, sittin da huɗu kuwa mutum ya miƙe ƙafa. An ce akwai mai ɗari da ashirin da takwas, ni dai ban san abin da ɗan Adam zai zuba a ciki ba.

Buhun Hajiya bai tafi a banza ba, shi ne muke lulluɓe na'urar da shi. Jakar Libiya kuma, Mma Lariba ta kwance ta da hannunta, yau da safe na gan ta da ita a kasuwa, cike da kuɓewa. Ɗanta ga shi nan zaune kusa da ita.

Allah ya zaunar mana da 'ya'yanmu a gida, ya ba mu damina mai albarka, ya saka wa Hajiya da alheri, ya mai da kowa ɗakinsa lafiya. Na gode.