Gicciye a Karkace

Ana gobe Juma'ar Ista, Anti Glenda na bin layi a shagon kayan ƙamshi a unguwar Athlone. Matar da ke gabanta sai mita take.

"Bana kam burodin Ista mai gicciye a shago zan saya! Bara yarana sun cinye rabin busasshen inabin kafin in gama kwaɓi, gicciyen da suka zana a kai kuwa duk a karkace. Da kunya na kai wa maƙwabta."

"Bar su su zana, 'yata."

"Anti, ba ki san ɓarnarsu ba ne."

"Na sani mana. Jikata Lezanne har kujera take takawa ta ƙwace ledar ƙullun zana gicciyen. Gicciyenta kamar sawun kaza."

Matar ta yi dariya. "To bana ki ɓoye ledar!"

"Ba sai na ɓoye ba. Ista uku ke nan da muka binne ta. Yanzu duk gicciyen da na zana a miƙe yake fitowa."

Da layi ya zo kan matar, ta ce wa mai shago a hankali, "Ba ni inabi. Ƙunshi biyu."